Ɗorawar Gwaggo Hansai

Ranar wata Laraba ce a farkon daminar 1997, ina aji huɗu, muna dawowa daga makaranta muka tarar da wata tsohuwar akori-kura ta kafe a laka a ƙofar gidanmu, an jibge ta da naɗin waya mai ƙaya da ƙananan itatuwa a baƙaƙen ledoji. Babanmu na tsaye cikin rigarsa ta zuwa Juma'a yana ta washe baki, kusa da shi wani siririn mutum mai kaki, wanda aka ce mana shi ne malamin daji. Ashe gwamnati ce ta fito da wani shiri: duk mai kurmi na kansa da ya yarda zai kula da shi, za ta raba nauyin biyu da shi. Ita ta kawo waya da dashe, shi ya kawo dirkoki da 'yan haƙa da ban-ruwa. Duk wata shida malamin daji zai leƙo, in ya ga an saɓa ƙa'ida, gwamnati ta zare hannunta. Baba ya sayar da sa ɗaya cikin shanun huɗarsa ya cika nasa rabin, ya dangwala yatsa a takarda, mu kuwa muka yi ta tsalle a kan motar kamar mu aka kawo wa.

Kurmin yana gabas da gari, kuma duk garin an san ƙasar ta Baba ce, amma manyan ɗorawa uku da ke tsakiyarsa na yayarsa ne, Gwaggo Hansai. A wajenmu wannan ba abin mamaki ba ne, ƙasa ta zama ta wani, itacen da ke kanta na wani. Kakanmu ne ya ba ta su da bakinsa a gaban mutane kafin ya rasu. Ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta ya mutu ta dawo gida, waɗannan itatuwa uku su ne gonarta, su ne kasuwarta. Da bazara takan ɗauki maƙatarta ta je ta kaɗo ɗorawa, mu ɓare, ta daka, ta tankaɗe garin, ta wanke kalwar ta dafa ta kwana a wuta, ta rufe da ganye har ta yi warin nan da ke korar baƙo, sannan ta fito da daddawar da ake zuwa saye daga ƙauyuka uku. Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, "Uwata" take ce mini. A ɗakinta nake kwana, ita ke mini kitso, kuma garin ɗorawa na farko da ta tankaɗe nawa ne, in yi ta ɗura har bakina ya koma rawaya.

Da aka gama kewaye kurmin aka sa ƙofa da kwaɗo, Baba ya tara gida ya ce gwamnati ta ce shekara biyar ko ganye kada a tsinka. Gwaggo ta ce, "Sani, ƙasa taka ce, ban musa ba. To ɗorawar fa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ni ma yanzu ba ni da ta cewa, hukuma ce." Ya jefa makullin a aljihu. Sannan ya naɗa mu yaran gidan masu gadi, ni ce babba kuma ni ce mai baki, sai ya rataya mini usur a wuya. Kai, ban taɓa jin daɗin wani abu kamar usur ɗin nan ba! Ana tashi makaranta sai kurmi, mu ɗebo ruwa a rafi mu shayar da darbejiya da turare, mu jefi awaki, mu ƙwace igiyar matan da suka zo neman kirare a bakin waya. Matan da suka haifi kamar uwata nake hura wa usur a fuska, su watse ina dariya.

Bazarar farko Gwaggo ta daure. Tana kallo daga waje ɗorawarta ta nuna, jemagu da birai suka ci rabonsu, sauran ta zube ta ruɓe. Ta koma yi wa mutane surfe ana ba ta dusa da ɗan tsaki, ta rame, tukunyar kalwarta ta zama wurin kwanan kaji. Bazara ta biyu ce ta kasa.

Bayan azahar ne, rana na dukan ƙasa, kowa ya shige inuwa. Ina zagaye ni kaɗai sai na hango mutum kwance rub-da-ciki a ƙarƙashin waya, rabi ciki rabi waje. Gwaggo ce. Ta shiga ta kaɗo 'yar ɗorawa cikin zane, wajen fitowa ƙayar ta kama mata riga ta huda fatar bayanta, in ta motsa gaba ta yage, in ta ja baya ta yage. Ta ɗago ido ta gan ni, wallahi har murmushi ta yi, ta ce a hankali, "Alhamdu lillahi ke ce. Uwata, zo ki ɗaga mini."

Na sa usur a baki na hura.

Na hura har kunnuwana suka yi ƙara. Yara suka ɓullo ta ko'ina, namu da na maƙwabta, muka yi mata zobe. Ni na fara waƙar da bakina, "Ɓarauniyar ɗorawa, waya ta kama!" suna amsawa suna tafi. Wani ya watsa mata ƙasa a ka, ƙanena ya fizge ɗankwalinta ya ɗaura a sanda, furfurarta ta fito fili. Ba ta zage mu ba, ba ta yi kuka ba, kifa fuskarta ta yi a ƙasa, jini na bin haƙarƙarinta tururuwa na hawa. A haka Baba ya same mu. Shi ma bai ɗaga wayar nan da nan ba. Sai da ya ɗauki maƙatarta ya karya a gwiwa, ya zazzage ɗorawar ya tattake, yana faɗa da ƙarfi don jama'a su ji, wai so take ta jawo masa asarar sansa. Da yamma ya saya mini alewa ya ce na yi aiki.

Daga ranar Gwaggo ta naɗe tabarmata ta ajiye a ƙofar ɗakin uwata. Ba ta yi gaba da ni ba, abin da ta yi ya fi gaba ciwo. In na gaishe ta sai ta ce, "Lafiya lau, Hadiza." Kafin damina ta kwashe 'yan komatsanta ta koma wajen dangin mijinta.

Ina aji shida Baba ya aike ni in ɗauko masa hula a akwatinsa, na ga takardar yarjejeniyar, da Hausa da Turanci, ga shaidar yatsansa. Lokacin na iya karatu sosai. Abu uku kawai aka hana: gatari, wuta da dabba. A ƙasa ma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa masu tsinkar 'ya'yan itace da ganyen magani a bar su su ci gaba. Kuma malamin daji ya karanta masa ita tun ranar farko, ina wurin, ina can ina tsalle a kan mota. A bazarar da ta biyo baya Baba ya sayar wa fatake daga birni ɗorawar tun tana sama, babu wanda ya ce uffan. Ni ma ban ce ba. Ina sakandare Gwaggo ta rasu, ban taɓa zuwa na faɗa mata abin da na karanta ba, don tsoro da kunya da kuma tsabar rashin kirki.

Yanzu ina Dubai, ina aiki a wani ofishin jigilar kaya a Port Saeed da ke yankin Deira, ina kwana a International City. A nan kowane itace da baƙin tiyon ban-ruwa a gindinsa, babu wanda kakan wani ya shuka. A bazarar 2019 ina jiran mota a gaban wani dogon bene, dabino ya nuna yana zuba a ƙasa ana takawa, na tsallaka 'yar katangar fulawa na sunkuya na tsinci uku. Mai gadi ya daka mini tsawa, "Yalla, yalla!" yana kore ni da hannu kamar akuya, mutane suka waiwayo. Na zubar, na shiga mota, na yi kuka tun daga Deira har gida, wata 'yar Ghana da ke kusa da ni tana ta cewa, "Khalas, ya isa haka, 'yar'uwa, dabino ne fa kawai."

Kurmin yana nan, ya yi duhu ya yi kyau, har ɗalibai ake kaiwa su ga yadda ake riƙon daji, ana yaba wa marigayi Baba. Ƙanena kan turo mini hotonsa, in daɗe ina kallo ina jin kewar gida, ina kuma jin tsoron komawa. Na auna abin sau ba adadi. Wayar nan ba ta da wani nauyi, da hannu ɗaya zan iya ɗaga ta.