Shekarar da Ba a Yi Gayyar Kanal Ba

Gonar da mahaifinmu ya bar mana tana can wutsiyar kanal, tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwa ke isowa a gajiye bayan kowa ya sha ya ƙoshi. In an buɗe ƙofar ruwa daga babban kanal, sai ya biyo ƙaramin namu ya ratsa gonakin mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, kowa ya jefa tiyonsa ya ja rabonsa, abin da ya rage shi ne namu. Yayana ne ke noma ta. Ni malamin makaranta ne a Dawakin Kudu, sai ƙarshen mako nake zuwa in kama masa aiki, shi kuma ya yi ta yi mini tsiya wai hannun alli gare ni. Daga gonar nan gidansa ke ci, daga ita mahaifiyarmu ke ci, ni ma ban taɓa komawa bakin aiki hannu rabbana ba.

Wanda bai san noman rani ba zai ɗauka ruwa shi ke kawo kansa. Ina! Akwai wata ciyawa da ake kira kacala, ta fi mutum tsayi, tana tsirowa cikin kanal ta toshe shi, laka ta taru a gindinta. In aka ƙyale ta shekara guda, na kan gaba su samu ruwa, na tsakiya su samu rabi, mu na wutsiya mu samu labari. Shi ya sa tun muna yara, da an kawar da amfanin damina sarkin noma zai sa a yi shelar gayyar yasar kanal. Kowane gida ya fito da namiji, da lauje da shebur. A shiga laka har cinya ana yanka ana jefarwa gefe, mata na aiko da kunu da ɗanwake, ana yi wa wanda matsattsaku ya kama dariya. Har na kan gaba, waɗanda ko ba a yasa ba ruwa zai same su, suna shiga, don kunya ba ta barin mutum ya zauna a inuwa maƙwabcinsa na cikin laka.

Shekarar da nake ba da labarinta shekarar zaɓe ce. Ana gab da yin shela sai ga ɗan takarar majalisa ya shigo garinmu da ayarin motoci, da makaɗa, da samari a kan babura suna ta da hankalin kaji. Ya hau bayan mota a filin makaranta, babbar rigarsa fara fat. Ya ce abin kunya ne a wannan zamani iyayensa su riƙa shiga laka da lauje, ya ce shi ɗan manomi ne, ya san zafin abin. Ya ce ya haramta mana, daga bana katafila ce za ta yashe kanal tun daga kai har wutsiya. Fili ya ɗauka: “Sai ka yi! Sai ka yi!”

Yaya yana kusa da ni, ya zungure ni da gwiwar hannu. “Malam, kai da ka yi boko, mutumin nan ya taɓa ganin kacala kuwa?”

Abin da ya ci mu shi ne katafilar ta zo. Wallahi ta zo. Da alkawari ne kawai, da mun ce gafara sa ba mu ga ƙaho ba, mu ɗauki laujenmu. Amma ga ta, ƙatuwa, an manne ta da fosta gaba da baya. Aka sauke ta daidai gadar bakin titi, inda kowace mota za ta gan ta. Ta yashe daga gada zuwa kamar jifan dutse, aka ɗauki hotuna, ɗan takara ya taɓa sitiyari yana murmushi. Washegari direba ya kashe ta, ya ce wani ƙarfe ya karye, sai an kawo daga Kano. Aka ɗage gayya. Mun ga hadari mun yi wanka da kashi, kuma har da ni a masu cewa a ɗan yi haƙuri, tunda ga mota a ƙasa.

Yaya ya shuka alkama a gonar gaba ɗaya, ya yi fangali-fangali yadda ya saba. Da fari ruwa yana ɗan lallaɓowa, alkama tana ƙarama ba ta da yawan buƙata. Ta fito kore shar, duk wanda ya wuce sai ya ce tubarkalla. Amma kacala ba ta san ana jiran ƙarfe daga Kano ba. Kullum sai ta ƙara cika, ruwan da ke isowa gare mu ya koma kamar wanda aka zubar daga buta. Katafila tana nan bakin gada, awaki sun mai da inuwarta wurin hutawa. Masu hali suka haƙa rijiya suka sa inji. Mu gonarmu tudu ce, ko an haƙa ba a tarar da ruwa kusa.

Da alkama ta kusa ɗaukar ciki, lokacin da in ta rasa ruwa ba ta yafewa, muka je gidan sarkin noma. Dattijo ne da ya ga jiya ya ga yau, abokin mahaifinmu. Yaya ya durƙusa ya gaishe shi ya ce, “Baba, a yi mana shela. Ko yini ɗaya aka yi ruwa zai sauko.”

Tsohon ya dubi Yaya. Ya ce, “Ɗana, na gwada. Mutanen ɗan takara sun zo mini, sun ce duk ranar da na yi shela na kira maigidansu maƙaryaci ke nan a bainar jama’a. Na je wa ’yan ɗaya ɓangaren, na ce to ku fito mu yi. Suka ce Allah ya kiyaye, su yashe kanal a ce ɗan takara ya yi? A bar kacalar nan yadda take, kowa ya gani da idonsa har ranar zaɓe.”

Kun ji fa! Ɓangare ɗaya na gadin kacala don kada a ce gwaninsu ya kasa, ɗaya ɓangaren na gadinta don a ce ya kasa. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa a kan komai ba, ko limamin da za su bi, ga shi sun haɗu a kan ciyawa. Ni abin da ke ƙona mini rai ke nan da siyasar ƙasar nan. Ƙaryar ɗan siyasa ba sabon abu ba ce, mun sha ta mun ƙoshi: asibiti, hanya, taki, duk an yi mana su da baki. Waɗancan dai abin da ba mu da shi ne aka hana mu. Wannan kuwa abin da ke hannunmu ne, wanda muka gada, wanda ba mu taɓa roƙon kowa ba, shi aka zo aka karɓe da tafi da kiɗa.

Ranar Asabar Yaya ya ce in ɗauko lauje. Mu biyu muka shiga kanal daga ta wajenmu muna yanka muna hawa sama. Mun san aikin gari guda ne, mutum biyu ba za su kai ko’ina ba, amma zama ya gagare shi. Ba mu yi nisa ba sai ga babura. Wanda ke gaba ɗan kawunmu ne, yaron da Yaya ya koya wa riƙon fartanya, yanzu shi ne shugaban samarin ɗan takara, da hula mai hoto a ka.

Ya tsaya a bakin kanal ya ce, “Yaya, don Allah ka fito. Kunyata Oga kake so ka yi? Ƙarfen yana hanya.”

Yaya bai ɗago ba. “Alkamata ba ta da jam’iyya. Ƙishi take ji.”

“Ka yi haƙuri a gama zaɓe. Ni na yi maka alkawari.”

“Kai ma ka iya? Har an koya maka?”

Na ga idon yaron ya kaɗa, amma abokansa na kallonsa. Ana cikin haka wani ɗan adawa da ke wucewa ya tsaya ya zaro waya ya ɗauki Yaya, laka har ƙirji, lauje a hannu. Kafin azahar hoton ya zagaye wayoyin mutane, an rubuta a ƙasa wai ga abin da ɗan takara ya mai da talakawa. Shi wanda ya ɗauka ko ciyawa ɗaya bai tsinka ba. Daga ranar samari suka tare a bakin kanal da gorori. Mai gari ya aiko a kira Yaya, ya roƙe shi don zaman lafiya ya ajiye lauje, kada a zubar da jini a kan ciyawa. Yaya mutum ne mai jin maganar manya. Ya ajiye.

Na sha ganin amfanin gona ya lalace, fari ko tsutsa ko ambaliya, mutum ya ce haka Allah ya so ya share hawayensa. Wannan dabam ce. Ruwa yana nan maƙil a kan gaba, har yana malala kan hanya, kana jin ƙararsa, ga alkama tana murɗewa ganye bayan ganye. Yaya ya koma ɗiban ruwa da jarka a kan keke yana zuba wa fangalin da ke kusa. Wa ya taɓa shayar da gonar alkama da jarka? Na ce ya bari, ya ce in rufe masa baki.

Aka raba taliya da sabulu, aka yi zaɓe. Ba zan ma faɗi wanda ya ci ba, don ba abin da hakan ya canza. Bayan ’yan kwanaki wata babbar mota ta zo ɗaukar katafila. Ina tsaye a wurin. Direba ya hau ya murɗa makulli, ta tashi nan take, ba tari ba atishawa, ta hau motar da ƙafarta. Ba wanda ya kawo ƙarfe daga ko’ina. Mutane suka yi ta kallon juna, wani ya yi dariya, aka watse. Sarkin noma ya yi shela daga baya, gida ƙalilan suka fito. Waɗanda suka zagi juna a kamfen ba su yarda su tsaya cikin laka ɗaya ba, sauran kuma suka ce ai yanzu aikin gwamnati ne.

Lokacin da ya kamata a yi girbi muka je gona ni da Yaya. Ya tsinko kan alkama ya murza a tafin hannu ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi, bai bar komai ba. Ya matsa gaba ya sake tsinko wani, ya sake. Daga nan ya wuce rugar da ke bayan gari ya kira wani Bafulatani maƙwabcinmu, ya ce ya kawo shanunsa.

Bafulatanin ya tsaya a bakin shinge da sandarsa a kafaɗa, ya kasa shiga. “Maigida, alkama ce fa. Ka tabbata?”

Yaya da hannunsa ya janye ƙayar shingen ya buɗe musu hanya. Shanu suka shiga suna ture juna, muna jin ƙarar busasshen kara a bakinsu. Ya tsuguna a kan kunya yana kallonsu har suka kai tsakiyar gona. Mutumin da tun tasowarsa bai san wata sana’a ba sai wannan ƙasa, ya ce da ni, ba tare da ya juyo ba:

“Malam, makarantar taku ba sa neman mai gadi?”