Kofur Lawali ya mutu a kan tsamiya yana neman sabis

"Daga yau babu sojan da zai sake hawa icce neman sabis." Kai ka faɗi haka, ranka ya daɗe babban jami'in tsaro, a filin makarantarmu, kana ɗaga oba-oba, rediyon kiran sojoji, sama kamar jinjirin suna. Ka ce ƙasashe ƙawaye ne suka ba mu, kuma wasu na tafe a jirgi.

To da safen nan labari ya iske ni. An harbe Kofur Lawali a kan tsamiyar hanyar Gangara. 'Yan bindiga sun kewaye shi da abokan aikinsa, ya hau da wayarsa yana lalubar layin Nijar don ya kira agaji.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni na koya wa Lawali karatu a firamare. Ba ya da kai a lissafi, amma ba a taɓa dukan ƙarami a gabansa ya yi shiru ba. Da aka turo shi aiki kusa da gida, shi ke raka motocin kasuwa. Ko da kaki, sai ya kwance takalminsa a zaure kafin ya shigo gaishe ni. In na ce ɓata lokaci ne, ya yi dariya ya ce ya fi tsoron bulalata da ta ogansa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Isa ce. Ya karɓe mini buhun gero ya aza a mota, na tambaye shi ina oba-obar da muka tafa wa. Ya duba hagu da dama.

"Malama, ai kuna watsewa anka maida su kwali. Wai akwai wani taro gaba da za a nuna su."

Har rigunan sulken da sojojin suka saka aka ɗauki hoto, ya ce a bakin mota aka tuɓe musu.

Na karanta jawabanku na taron ƙawance, ranka ya daɗe. Sojan gobe, kayan zamani, jirgi marar matuƙi. Turanci mai daɗi. Sojan yau kuwa abokansa ne suka sauko da shi da igiyar guga, kuma gobe ɗayansu zai hau iccen nan, don babu wata hanyar kira.

Allah Ya jiƙan Lawali, Ya ba Inna Hajo mahaifiyarsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, ya sa shi cikin addu'a, shi da waɗanda ya bari a bakin daga.

Kai kuma na ba ka zuwa ranar addu'ar arba'in. In kayan nan ba su shiga hannun yaran nan ba, za ni ɗauko Inna Hajo da matan Turba da Unguwar Lalle mu zo taronku na gaba. Za mu zauna layin farko, kusa da baƙinku Turawa, kuma ni za ni fassara musu abin da za ta ce.