Pus ɗin da ba ta kiran kowa

Daga Filinge har Abala babu mai buɗe kunnen pus kamar ni. Haka nake faɗi a bakin shagona na gyaran rediyo, kuma ban taɓa rage murya ba.

Pus ɗin da nake nufi wata ƴar baƙar aba ce mai ƙafafu kamar shanshani, ita ce ƙwaƙwalwar ƙananan na'urorin da nake haɗawa don sha'awa. Sabuwa kurma take zuwa, ko wa'azi ordinatar, wato kwamfuta, ta yi mata ba ta ji. Sai an jona ta da wayoyi jikin wani allo mai aiki, an ɗura mata ɗan karatun farko da ake kira butloda, sannan ta fara karɓar umarni.

Wata damina taubashina na Damana ya tara ƙwan zabi cike da ƙwarya, abin da zai kiwata ke nan na shekara. Zai sa wa kaza ta kwanta musu kamar yadda kowa ke yi. Na ce kaza ta tsufa, ni zan haɗa masa akwati mai ampul, ƙwan lantarkin da zai ɗumama su, pus ta riƙa tsare zafin.

"Za ka Yamai gobe? Sawo mini pus sabbi, waɗanda ba a taɓa sa musu komai ba."

Ya dawo ran kasuwa yana haki, ya zube mini katunan waya a kan tebur. Ai su ma pus muke ce musu.

"Mine ne wanga?"

"Pus mana! Har layi na bi cikin rana, aka ɗauki hoton katina. Sabbi hul, ko uwarsu ba su taɓa kira ba."

Sai da na zana wa wani direba shanshanin a bayan kwalin shayi. Hanya ta ɓaci da ruwa, saƙo ya yi mako bai iso ba, ƙwai na zaune a ƙwarya.

Da suka iso na dasa ɗaya, na sa mata kiristal mai ba ta bugun zuciya, na jera wayoyi. Ta ƙi. Na juya kanta, don na dasa ta a birkice. Na sake dannawa, ƴar fitilar allo ta hau ƙiftawa. Na yi ihun da jakan kasuwa suka amsa.

Akwati ya riƙe zafi daidai, wannan ko maƙiyina ya shaida. Wata ya cika, ko tsiyak ba mu ji ba. Ƙwan sun kwana da yawa kafin su shiga. Wanda muka fasa ya kori mai shayin maƙwabta.

Na tafi Damana in ba da haƙuri. Ina shiga gida na tarar da wata jar kaza, ƴaƴan zabi na bin ta a jere. Ashe tun ranar katunan waya taubashina ya raba ƙwan biyu, ya sa wa kaza rabi.

Ya watsa mata gero, bai ko dube ni ba.

"Taubashi, ita wagga, wa ya ɗura mata butloda?"