Likitoci Biyar a Kan Kawu Ɗaya

Mun tashi daga Kano ana idar da sallar asuba, ni da wani ɗan kasuwa da ya haddace hanyar Abidjan kamar Fatiha. Shi kaya zai ɗauko, ni kuwa Kawu zan dubo, yayan mahaifiyata, wanda ya fi shekara talatin a can yana shigo da yadi ta tashar jiragen ruwa. Waya aka yi wa Inna cewa jikin ya matsa: ya faɗi sau biyu, yana rikicewa, har ana zancen fitar da shi Faransa. Inna ta dube ni ta ce, "Shekara ashirin kana duba iyayen mutane, to ga naka." Na shiga haɗa kaya. Ga wanda bai san ni ba, ni likitan iyali ne, ina kuma koyar da ɗaliban likitanci, kuma su na fi so su karanta wannan labari.

Kwana uku muka yi a hanya. Daga Legas muka bi bakin teku, Cotonou, Lomé, Accra, kowace iyaka da irin nata gajiyarwar. A iyakar shiga Côte d'Ivoire wani jami'i ya juya katina na riga-kafin shawara, ya ce tambarin ya kwaɗe, sai an sake yi mini allura. Na ce masa da hannuna nake yi wa mutane wannan allurar. Bai ji Hausa ba, ban ji Faransanci ba, abokin tafiyata ne ya raba mu. Daga nan sai gonakin roba da kwakwa da abarba, ido ba ya ganin ƙarshensu, sai kuma shingayen sojoji, don ƙasar ba ta gama wartsakewa daga rikicinta ba. A kowane shinge sai kowa ya sauko ya nuna takarda. Na sayi burodinsu mai tsawo kamar sanda, mai sayarwa ya ce dala talatin, na tsaya ina zare ido, sai da aka fahimtar da ni cewa dala ɗaya sefa biyar ce.

Da hantsi muka shiga Adjamé, unguwar kasuwa a Abidjan. Wanda yake ganin Kantin Kwari da cunkoso, ya je can ya gani. Ƙananan bas da suke kira gbaka suna kutsawa ta inda akuya ma ba za ta bi ba. Mun ratsa ta gefen kasuwar Gouro, inda manyan motoci ke juye ayaba da rogo da gauta da attarugu tsibi-tsibi, mata ne kuma ke riƙe da harkar, kowace da jaka ɗaure a ƙugu da murya kamar ta sarkin fawa. Ko'ina ka juya sai ka ji Hausa, amma Hausar da ta sha Faransanci har ta ƙoshi.

Gidan Kawu a unguwar Bromakoté yake. Na same shi a kan tabarma, an jingina shi da matashi. Mutumin da na sani da ƙarfin murya, yanzu sai ya fara magana ya manta ƙarshenta. Ya kira ni da sunan mahaifina, wanda ya rasu tun ina makaranta. Na riƙe hannunsa, na ji hankalina ya tashi.

Babban ɗansa, wanda ke fitar masa da kaya a tashar jiragen ruwa, shi ne ya yi mini bayani. Ya ce ba su yi sakaci ba, manyan likitoci biyar ke duba Alhaji, kowanne ƙwararre, har da farfesa a cikinsu, kowanne a asibitin kuɗi. Sannan ya tambaye ni, "Dakta, kai wane fanni ka karanta, zuciya ko ƙwaƙwalwa?" Na ce likitan iyali ne ni. Ya ce, "Au, jeneralis." Wato likitan gama-gari. Ya faɗe ta yadda za ka ce wa mutum, au, ashe tallan goro kake yi. Daga nan ya juya ya ci gaba da zancen biza.

Na haɗiye. Amma abin bai wuce mini ba, don ba a Abidjan aka fara yi mini haka ba.

Bayan la'asar sai autar Kawu, Habiba, ta same ni a tsakar gida. Tana shekara ta biyar a karatun likita. A Abidjan aka haife ta, Hausarta na ɗingishi, in ta maƙale sai ta cike da Faransanci. Ta ajiye wata jakar leda a gabana da wani littafi, ta ce, "Yaya, don Allah ka duba. Na faɗa a gidan nan, an ce ni yarinya ce."

Magunguna goma sha ɗaya ne a jakar. A littafin kuma ta jera kowanne da watan da aka fara shi da likitan da ya rubuta. Ina bi ina jin zuciyata na tafasa. Ciwon gwiwa ne mafarin komai. Likitan ƙashi ya ba shi maganin kashe ciwo, irin wanda ke ɗaga jini in an daɗe ana sha. Jini ya hau, likitan zuciya ya ƙara masa maganin hawan jini. Wannan maganin ya kumbura ƙafafu, aka ba shi na fitar da ruwa. Fitsari ya dame shi, likitan mafitsara ya ba shi nasa, wanda shi ma yana saukar da jini. Ya miƙe tsaye jiri ya kwashe shi ya faɗi, aka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, aka ɗauki hoton kai, aka ba shi maganin jiri mai sa barci. Na biyar ɗin na ciki ne, don wannan tarin ƙwayoyi ya fara ƙona masa ciki. Ƙari a kan haka, ɗaya daga cikin magungunan hawan jinin sau biyu yake shan sa, don kamfani biyu ne suka yi shi da suna daban-daban.

Ba na cewa waɗannan likitoci jahilai ne. Kowannensu ya san aikinsa, kowanne ya gyara gaɓar da aka kawo masa. Amma an raba Kawu kamar naman watanda, ba wanda aka ɗora wa alhakin mutumin gaba ɗaya. Ba wanda ya ce, Alhaji, zazzage mini jakar nan in gani.

Na tambayi Habiba ko Kawu bai taɓa samun likita ɗaya da ya san shi ba. Ta ce akwai, wata mata a bayan layinsu, ita ke duba gidan tun kafin a haife ta. Amma da harka ta buɗe, sai aka ce asibitin unguwa na talakawa ne, Alhaji ya wuce nan.

Washegari muka je. Ɗakuna biyu ne da baranda, benci cike da mata da 'yan dako da tsofaffi. Likitar dattijuwa ce 'yar ƙabilar Baule, ba Musulma ba, amma da ta ji ni baƙo ne sai ta ce, "Sannu da zuwa, ina gajiya?" da Hausar da majinyatanta suka koya mata. Ta ciro katin Kawu daga wata tsohuwar durowa, ya yi kauri ya yi ja. Ta san mahaifinsa da shanyewar jiki ya rasu. Ta san yana azumin Litinin da Alhamis, abin da ba ɗaya daga cikin biyar ɗin da ya tambaya. Ta karanta littafin Habiba, ta cire tabarau, ta dubi yarinyar, ta yi mata wata magana da Faransanci. A hanya na tambayi me ta ce. Habiba ta sunkuyar da kai ta ce, "Wai ni likita ce tun yanzu."

Shawo kan gidan ne ya fi wuya. Babban ɗan ya ce ba za a mai da mahaifinsa baya ba. Na ce masa, "Inna ce ta aiko ni, kuma ɗan'uwanta ne kafin ya zama ubanka. Ka ba mu kwana goma. In bai sauya ba, ni zan raka shi filin jirgi." Ya yarda, ba don ya gamsu ba. Likitar ta zo gida da ƙafarta, ta auna jinin Kawu a kwance da kuma a tsaye, ta kira likitan zuciyar a waya suka daidaita. Mutumin kirki ne, ya ce bai san da sauran magungunan ba. Aka shiga janye su ɗaya bayan ɗaya, a hankali.

Cikin kwanakin jiran nan Habiba ta roƙe ni in gana da abokan karatunta. Muka hau tasi ta haɗaka, woro-woro, muka haye gada zuwa Treichville. Daga kan gadar kana hango tashar jiragen ruwa, ƙugiyoyin ɗaga kaya sun yi cirko-cirko, tireloli sun yi layi. Mun zauna a wata rumfa muka ci garba, wato tsakin rogo da suke kira aceke, da soyayyen kifi da ɗanyen attarugu, na dala arba'in ya ishi mutum. Mutanen Nijar ne suka fi sayar da shi, an ce daga sunan nan namu na Garba ma abincin ya samo suna. Na ce to ko ba komai mun bar tarihi a cikin mutanen Abidjan.

Ɗalibai bakwai ne, Habiba na yi mana tafinta. Na tambaye su abin da kowa ke son zama. Tiyata, zuciya, ido, mata, sai Paris, sai Kanada. Wani dogo mai fara'a ya ce, "Jeneralis ai wanda ya faɗi jarrabawar ƙwarewa ne." Suka yi dariya. Habiba ta fassara mini a hankali, sannan ta ƙara da cewa ita ma da ta gaya wa wani malaminsu burinta na zama likitar iyali, cewa ya yi kada ta ɓata ƙwaƙwalwarta a kan mura da gudawa.

A nan ne na manta ni baƙo ne. Na ce masu mura da gudawa ne ƙofar da cuta ke shigowa, kuma wanda ke tsaye a ƙofar shi ke rarrabe tarin sanyi da tarin fuka, ciwon kan gajiya da sanƙarau, da ido da kunne da hannu, kafin wata na'ura ta sa baki. Na ce in wannan aikin marasa ƙwaƙwalwa ne, to a nuna mini na masu ita. Na ce masu abin kunya ne a ce malami, wanda ya san yawancin mutanen ƙasarsa ba za su taɓa ganin ƙwararre ba har su mutu, shi ne zai kori mafi hazaƙar ɗalibansa daga inda aka fi bukatarta. Ban san yadda Habiba ta juya duk wannan ba, na dai ga mai garba ya daina soya kifi yana kallonmu.

Dogon ya ce, "To kuɗi fa, Dakta?" Ban yi masa ƙarya ba. Na ce abokan karatuna da suka shiga tiyata sun riga ni gina gida. Gwamnatocinmu ma suna da laifi, su yaba mana a taro su manta da mu a kasafi. Amma ban taɓa kwana da yunwa ba, kuma akwai gidajen da na duba kaka da uwa da jika. Suka ci gaba da cin kifinsu. Ba zan ce na juyo da ko ɗaya ba.

A rana ta takwas Kawu ya kira ni da sunana, ya tambaye ni me ya sa na rame. A ta goma sha biyu ya taka zuwa masallaci da sandarsa. Magungunan sun dawo huɗu. Da mutane suka zo barka, ina zaune na ji yana ce masu, "Maganin farfesan nan ne sai yanzu ya fara aiki." Wallahi saura kaɗan in ƙware da shayi.

Ranar da zan taho na ce masa, "Kawu, 'yarka ce ta cece ka, da matar nan ta bayan layi. Ka bar ta ta karanci abin da take so." Yana jan carbi ya ce shi dai Paris ya so mata, amma ta riƙa zuwa wurin matar ranar Asabar, a ga abin da Allah zai yi. Ba amincewa ba ce cikakkiya, amma Habiba ta karɓe ta hannu biyu.

Na dawo ta hanyar da na bi, da garin aceke da aka cusa mini a jaka da kumburarrun ƙafafu. Na isa Kano da azahar, na fara da gidan Inna.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, raina likitan iyali ba cutar ƙasarmu kaɗai ba ce, kuma ba mu likitocin take kashewa ba, majinyata take kashewa. Ƙwararru muna bukatarsu, ni kaina wurinsu nake tura mutane kullum. Amma ƙasar da kowa ke son ya mallaki gaɓa ɗaya, ba mai son ɗaukar mutum sukutum, tsofaffinta za su riƙa faɗuwa a tsakar gida da jakar magani a gefensu.

Saboda haka ɗalibaina, ku masu ƙwaƙwalwar nake nufi, ba waɗanda suka rasa wurin zuwa ba. Duk mai son ya ga yadda aikin yake, ina asibiti kowace Talata, ɗakin ƙarshe a sashen da layi ya fi tsawo. Ya zo da wuri, ya kuma taho da kujerarsa, don tamu ta biyun ta karye tun bara, har yau ba a kawo wata ba.