Wuƙar Jego da Teburin Lemu

A gidanmu na unguwar Sabo a Ibadan, Kaka ce ke suyar ƙuli-ƙulin da Baba ke dakawa cikin yajin tsirensa. Da an idar da sallar magariba sai ta ja kujerarta 'yar tsugunno zuwa bakin murhu, mu yara mu kewaye ta. A lokacin Baba ya riga ya tafi teburinsa kusa da shataletalen Mokola. Tana juya kasko tana ba mu tatsuniya, wanda ya natsu ya saurara sai a ɗiga masa ƙuli mai ɗumi a tafin hannu.

Ni ba na cika samun ƙulin nan ba, saboda yawan katse ta. Haka Allah ya yi ni tun ina ƙarama, abu kaɗan ke hana ni sukuni. In ta ce kura ta shigo gari, sai na tambaya ko an kulle ƙofar gidan da yara suke. Shi ya sa ta raɗa mini suna Uwar Zullumi.

Wadda ke kwashe ƙulin ita ce Bose, ƙawata, Bayarabiya, ajinmu ɗaya a firamare. Gidansu na bayan namu, daidai inda Sabo ta ƙare, langa-langa ne kawai ya raba mu. Hausa a bakinta kamar tamu, kuma ta fi kowa iya amsa waƙar tatsuniya. Uwarta, Iya Bose, lemu take sayarwa a bakin titi. Ba ta taɓa hana ta zuwa ba.

A shekarar ne aka fara nuna wani wasan kwaikwayo na Yarabanci a talabijin. Mai gidan hayar su Bose na da akwatin talabijin, yakan buɗe taga yara su leƙa. A cikin wasan akwai wani maigadi Bahaushe, rawaninsa a karkace, da wuƙa ɗaure a damtse. Ko taka masa tabarma aka yi sai ya zare ta yana zare ido. Mutane su yi ta dariya. Ni ma na yi dariyar, har ranar da ya soki wani yaro a cikin wasan, aka nuna jini a riga. Daga nan yaran unguwar suka fara binmu a hanyar makaranta suna kama damtse suna cewa, "Mola, ina wuƙarka?" Mola shi ne sunan da suke kiran Bahaushe da shi.

Ana cikin haka Inna, mahaifiyata, ta haifi ƙanena. Iya Bose ta shigo barka da faranti cike da lemu, Bose na biye da ita. Ta durƙusa ta gaida Kaka, ta miƙa hannu ta ɗauki jaririn tana masa kirari. Garin ɗaukarsa ɗan matashin kansa ya zame, sai ga wuƙa kwance a ƙasansa.

A wurinmu wannan ba komai ba ne. Duk jaririn da aka haifa a gidan, Kaka na sa masa wuƙar nan a wajen kai, wai ƙarfe na korar iska da maye. Ni ma a kanta na kwana. Amma na ga yadda fuskar Iya Bose ta sauya. Ta ajiye jaririn a hankali, ta kama wuyan hannun Bose. Da Yarabanci ta faɗa, ƙasa-ƙasa, amma na ji: "Ashe gaskiya ne. Tun suna cikin zani ake ba su."

Bose ba ta ƙara zuwa ba. A makaranta ta raɗa mini cewa uwarta ta rantse in ta sake ganin ƙafarta a gidanmu sai ta mai da ita ƙauye wurin kakanninta, can wajen Akinyele. Na kasa cin abinci. Abin da ya fi damuna ma, ni kaina sai na fara kallon wuƙaƙen Baba daban. Da la'asar in yana wasa su a dutse, sai in matsa nesa da shi, alhali mutum ne da ko kyanwa ba ya korewa da ƙarfi.

Wani marece muna bakin wuta, ana dafa ruwan wankan jegon Inna a babbar tukunya, sai na ji tari a bayan langa-langa. Na san tarin, na Bose ne. Na dubi Kaka, ita ma ta ji. Sai ta juya kujerarta ta fuskanci langa-langan, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata nan tafe, ku matsa mata."

"Ta shigo ta zauna," muka amsa. Akwai wata siririyar murya da ta amsa daga waje.

Kaka ta ce a wani gari an yi wani mai ba da labari, duk ranar kasuwa yakan zauna a gindin tsamiya. Labarinsa ɗaya ne, na wata wuƙa mai tashi da kanta ta bi mutane. Ya iya faɗa ƙwarai, har da rawar murya, kuma kowace kasuwa sai ya ƙara mata tsawo da kaifi, don ya lura jama'a sun fi taruwa in ya tsorata su. Sannu a hankali mace ta ga maƙwabciyarta na yankan kuɓewa ta kurma ihu. Aka daina gaisawa da mahauci. Aka kori wanzami. A ƙarshe mai gari ya sa aka tattara duk wuƙaƙen garin aka zuba a tsohuwar rijiya.

"Kun taɓa ganin dattijo mai gemu ya rungumi kabewa guda yana gwagwiya?" in ji Kaka. "To, haka garin ya koma. Liman ma da haƙori yake fama da rake."

Sai matar mai labarin ta haihu, babu abin yanke cibi. Ya fita a guje yana bin gida-gida, kowa na rufe ƙofa yana cewa, "Wuƙa? Ba kai ka gaya mana halinta ba?" Har ya kai bukkar ƙarshe, ya tarar da wata tsohuwa kurma zaune tana yankan kuɓewarta. Ita ba ta taɓa jin labarinsa ba, kuma ba wanda ya tuna da ita ranar rijiya. Ya yi mata nuni da hannu, ta tashi ta bi shi ta yanke cibin.

"Kaka, ta wanke wuƙar tukuna?" na tambaya.

"Ta wanke, Uwar Zullumi. Har a wuta ta gasa bakinta. Kin bar ni in ƙarasa?"

Dariya ta ƙwace wa Bose a bayan langa-langa. Kaka ta ce, "Nan na sauke ta, mai so ya ɗauka." Sai ta naɗe ƙuli biyu a ganye ta ce in tura ta ƙarƙashin langa-langan.

Na ɗauka shi ke nan. Amma washegari da hantsi, ranar ba makaranta, Kaka ta yafa mayafinta ta ce in riƙe mata hannu. Inna ba ta fita, ga jego kuma, don haka tsohuwa ce za ta je. Sai da muka kai ƙofa na ga ta naɗe wuƙar jariri a tsumma ta riƙe.

"Kaka, da wuƙa za mu je wurinta? In ta yi ihu fa? In 'yan sanda suka zo?"

"In sun zo su ɗauke ni a mota, dama gwiwoyina na ciwo."

Muka tarar da Iya Bose a teburinta tana fere lemu, ɓawon na sauka dogo kamar zare. Ta gaida Kaka, amma idonta na kan tsumman. Yarabancin Kaka a karye yake, Hausar Iya Bose ma haka, da su biyun suka haɗa suka yi magana. Kaka ta warware tsumman, ta miƙa mata wuƙar ta wajen ƙota.

"'Yata, fere mini lemu ɗaya da wannan."

Iya Bose ta karɓa da yatsu biyu. Ta ɗora a kan lemu ta danna. Ko ɓawon bai tsage ba. Ta sake dannawa har lemun ya lotsa ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Wuƙar ta tsufa, bakinta ya dakushe kamar bayan cokali.

"Mama, wannan ai ba ta yanka komai!"

"Tun zamanin uwata ba ta yanka komai ba. Aikinta gadi, tana kwance. Taki fa? Wuni kike da ita a hannu, ga ta kamar aska. Na taɓa hana jikata zama kusa da ke?"

Iya Bose ta dubi wuƙarta ta lemu kamar yau ta fara ganinta. Ta tambayi gadin me. Da Kaka ta gaya mata, sai ta rufe baki da hannu. Ta ce ita ma da tana da cikin Bose, uwarta ta maƙala mata fil a haɓar zani, ta ce kada ta fita rana tsaka ba shi, saboda mugayen iskoki. "Ƙarfe ne shi ma," in ji ta. Ta fere wa Kaka lemu da wuƙarta, ta ƙi karɓar komai.

Ba zan ce tsoronta ya tafi duka ba. Har muka girma, in za ta wuce teburin Baba takan ɗan ratse. Amma a marecen nan Bose ta shigo ta ƙofa, ta zauna a wurinta, ta cinye ƙulin da ya kamata ya zama nawa.

Ni ban sa wa 'ya'yana wuƙa ba. Malaminmu ya ce addu'a ta isa, kuma dama ina fargabar kada yaro ya juya a kanta, ko da dakusasshiya ce. Amma da finafinan bidiyo suka cika gari, na sake ganin irin maigadin nan sau da yawa, da wani rawanin, da wata wuƙar. Nakan yi tunanin mutumin da ya fara yin wasan. Ban yi zaton mugu ne ba. An ba shi wuƙa an ce ya zare, mutane suka yi dariya, ya koma gida wurin iyalinsa. Bai san da wata Bose ba, bai san da ni ba.

Da ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne wuƙa na da amfani. Yanzu abin da ke tsaya mini a rai shi ne yadda labari ke shiga gidaje da yawa a lokaci guda, gyaransa kuwa sai an taka da ƙafa. Kaka da gwiwoyinta masu ciwo teburi ɗaya ta iya kaiwa, kuma ya ishe ni, don ƙawata ta dawo. Sauran gidajen da suka kalli wasan nan a Ibadan, har yau nakan tambayi kaina ko akwai wanda ya je musu.