Telan da Ya Ɗinka wa Furanni Hula

Babanmu tela ne, irin waɗanda ko gaishe su ka zo yi sai sun auna kafaɗarka da ido. Shekara talatin yana taka keke da sigari a gefen baki, har ranar da likita ya dubi hoton ƙirjinsa ya ce ko ya bari, ko a tanadar masa gado a asibiti. Hankalin kowa ya tashi ban da nasa.

"Bakina bai iya zaman banza ba," in ji Baba. "Sai ku nemo masa aiki."

Wani mai kawo ɗinki ne ya ba shi irin furen rana, dogon nan mai faffaɗan kai ruwan ɗorawa, ya ce 'ya'yansa sun fi gyaɗa daɗin ɓarewa. Baba ya shuka goma sha biyu a bayan shago, ya yi alkawarin daurewa har su nuna. In ba su yi ba, ya ce kada kowa ya ga laifinsa.

Da suka fara 'ya'ya sai tsuntsaye suka yi musu caa. Wani da tsumma zai rufe su ya huta. Baba kuwa tef ya ɗauko, ya auna kan kowane fure, ya ɗinka masa hula daidai shi, da shafi a ciki, har da maɓalli. Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga suna gaida manyan baƙi. Yadi ya ƙare a kan na tara, sai Inna ta yagi tsohon gidan sauro ta ɗaure sauran ukun.

"Wannan ai cin mutuncin sana'a ne," in ji Baba.

"To, maigida, mu gani a ƙasa."

Aka kwana uku ana ruwa. Hulunan suka sha suka ƙi bushewa, da aka ɓalle maɓallai duk furanni taran sun yi fumfuna. Na Inna masu shan iska kuwa sun cika maƙil. Ita dai waƙa kawai take yi tana shara.

Muka murje 'ya'yan da tafin hannu a kan faranti, muka jiƙa a ruwan gishiri, muka shanya, Inna ta soya a busasshen kasko har suka fara ƙara tas-tas. Baba bai jira sun huce ba. Ya ƙona harshe, ya tauna na farko har da ɓawo, muna ta dariya har da riƙe ciki.

Sai na dubi kwanon. Ɗan mitsitsi ne, ba zai kai mako ba. Nan take na daina dariya.

"Baba, in sun ƙare fa?"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗanyen iri cike da tafinsa, wanda ya ɓoye kafin a ɗora kasko, ya miƙa wa Inna.

"Ajiye mini na baɗi. Wata huɗu ina fama da furannin nan, ko ashana ban nema ba. Gobe zan tambayi mai filin nan na baya ko zai ba ni aro."