Gadon Bakin Taga

Shekarar korona aka kulle ni a wani ɗaki na bayan asibiti a Zuru, ni da wata tsohuwa manomiya daga Dabai. Ba mai shiga sai ma'aikata, su ma a naɗe kamar dambu a leda. Abinci a bakin ƙofa ake ajiye mana. 'Ya'yana kuwa sai dai in hango su can bayan shingen waya. Na tsani ɗakin nan, na tsani ƙarar tarina.

Tsohuwar ce a gadon bakin taga. Nawa yana lungu.

Da sakamakon jininmu ya dawo, likita ya tsaya daga nesa ya yi mana bayani. Ni sinadarin bitamin D ya yi ƙasa a jikina, wanda fata ke samu daga rana. Ba mamaki, tela ce ni, daga shago sai gida. Ita kuma tsohuwar, da nake kira Mama, alamar kumburi ce ta hau a jininta, da ta daskarewar jini. Ya ce su suke dubawa su gane wanda ciwon zai fi tsananta wa. Na tambaye shi ko zan tashi. Ya ce a bi magani, a sake gwaji.

Yana fita Mama ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ɗiyata, a Zuru rana ta yi miki ƙaranci? Taso mu yi musanya. Ni na sha wadda za ta kai ni har lahira."

Na ce, "Haba Mama, likita bai ce rana magani ba ce, ga ƙwaya ya ba ni."

"Shi ya san ƙwaya. Taso."

Na koma gadonta. Kullum da hantsi rana takan shigo ta sauka a ƙafafuna, faɗin faifai, ita kuma tana lungu tana ba ni umarni. In miƙe hannu, in juya baya. Wai shanya ni take yi kamar dawa, kada in yi fumfuna. Tana yi tana tsayawa neman numfashi, maganarta kullum ƙara gajarta take. Tsoro ya kama ni, na roƙe ta ta dawo wurinta ko ta sha iska. Ta ɗaga hannu kawai, ta ƙi.

Wata safiya ma'aikata suka shigo da gado mai taya suka fita da ita. Ko rakiya zuwa ƙofa ba a bar ni na yi ba.

Da hantsin ranar likita ya leƙo, ya ce jinina ya yi kyau, na kusa tafiya gida. Rana na kan ƙafafuna. Na juya lungu in gaya wa Mama, na ga har an naɗe katifar.